Sammacin Ulpiano da Allon Bahía Perla

Zuwa ga Mai Girma Dakta,
Babban Daraktan Hukumar Ƙawata Gaɓar Teku da Tarbar Baƙi,
Uban Alluna, Mai Raɗa wa Garuruwa Suna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina fata kana lafiya, iyali suna lafiya, na'urar sanyaya ofis ita ma tana lafiya. Sunana Eufrasia Meléndez. Ina soya kifi a rumfar ganyen kwakwa a bakin teku tun ina da haƙorana cikakku. Ba za ka tuna ni ba, amma ka taɓa cin kifina. Ranar da ka zo buɗe allunanku na bakin hanya ka ci biyu da shinkafar kwakwa, ka ce a naɗe maka na uku saboda uwargida. Ina fata ya isa gare ta.

Dalilin wannan takarda shi ne sammacin da ofishinka ya aiko wa mijina, Ulpiano. Zan zo kansa. Na aika ta gidan rediyo na kuma manna kwafinta a ƙofar coci ne ba don raini ba, sai don na lura takardun da muke aiko maka a rufe suna da wata cuta: da sun shiga ginin nan naku sai su kurumce. Na ce bari in gwada a buɗe, ko iska za ta taimaka.

Na ɗaya, batun suna. Tun kafin a haifi kakata ana kiran garin nan Ahogamula, wato inda alfadari ya nutse. Na yarda, ba suna ba ne da za a raɗa wa turare. Wani ɗan kasuwa ne mai taurin kai ya ce sai ya ƙetare bakin kogi da kayan gishiri alhali ruwa yana cikowa. Shi ya fita, alfadarin bai fita ba. Ba mu taɓa alfahari da labarin ba, ba mu kuma taɓa jin kunyarsa ba. Da wannan suna aka yi mana baftisma, da shi aka ɗaura mana aure, shi ne a jikin kowane kabari da ke bayan coci. Sai ga shi wata safiya mun farka a Bahía Perla, gaɓar lu'ulu'u. Madalla da wannan ƙarin girma. Mun kwanta masunta, mun tashi attajirai, ko juyi ba mu yi a kan gado ba. Sai dai ina neman ƙarin haske, ranka ya daɗe: ina lu'ulu'un? Na tambayi tsofaffi, na tambayi masu nutso. Abin da ya fi kama da shi a duk garin nan haƙoran roba ne na maƙwabciyata Doña Casilda, su ma a kofi suke kwana.

Samarin ofishinka sun bayyana mana cewa baƙo ba zai so ya yi wanka a inda alfadari ya nutse ba. Gaskiya suka faɗa. Mu ma abin da ya hana mu wanka a wurin ke nan. Yanzu da sunan ya yi daɗi, baƙi suna faɗawa bakin kogin da murna, masuntanmu kuma sun sami sabon kamu. Da can kifi suke jawowa cikin kwalekwale, yanzu har da mutanen birni masu jan wando, suna aman ruwan gishiri suna tambayar ina takalminsu. Shin hukumarka tana saye ne a kilo, ko mu ci gaba da sakin su kyauta?

Na biyu, tsamiya. A inda hanyarmu ta ƙasa ta rabu da kwalta akwai wata tsamiya, an rataya mata tsohuwar taya an shafa farin fenti an rubuta sunan garin. Ba ta da kyau, na sani. Amma a ƙarƙashinta muke jiran motar Tiburcio, direban da ke kai mu birni ya dawo da mu, a can mata suke sayar da mangwaro, kuma duk direban da ke bin gaɓar nan in ka ce masa kwanar tsamiya ka gama magana. Ma'aikatanka sun auna, sun yi lissafi, sun gano cewa itacen zai tare wa sabon allon sunan gari fuska. Kafin kifina na farko ya soyu sun kwantar da ita da injin yanka. Ban taɓa ganin aikin gwamnati ya yi sauri haka ba. Famfon ruwanmu da aka fara tun ina goyon 'yata Yuranis, ga ta yanzu da nata goyon, da a hannun waɗannan bayin Allah aka sa shi, da tuni mun gaji da wanka.

Yanzu a inuwar allonka muke jiran mota. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Sai mu jeru kamar tururuwa muna binta, tana matsawa muna matsawa. Tiburcio ya ce daga nesa sai ya ɗauka jerin gwanon coci ne.

A wurin bikin buɗe allon ne, bayan 'yan badujala sun gama busa an yanka ƙyalle, ka yi kuskuren da manya ba su cika yi ba: ka tambaya ko akwai mai magana. Ulpiano ya miƙe. Ka tuna shi? Dogo, baƙi, da hular kaba mai huji, mai muryar da in ya kira sunana daga cikin teku sai kajin gida su watse. Ya cire hular, don yana da ladabi, ya ce:

"Dakta, in na zo gidanka na ce daga yau sunan mahaifiyarka Lu'ulu'u, saboda ya fi daɗi a bakin baƙi, kujera za ka ba ni ko 'yan sanda za ka kira mini?"

Jama'a suka yi dariya. Kai ma ka yi, da haƙora kawai. Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Baba, ci gaba ne ya zo." Shi kuma ya ce, "To ci gaban nan ya kama kansa, don da hannun nan zan tuge allon nan in dasa tsamiya a raminsa." Na ga sakatarenka ya sunkuya yana rubutawa. Na ji daɗi ƙwarai. Ashe akwai alƙalami mai aiki a hukumarka.

Na uku, abin da aka rubuta a ƙasan sunan da harsuna uku. Yuranis ce ta karanta mini: gaɓar da ƙafar ɗan'adam ba ta taɓa takawa ba. Na duba ƙafafuna, ranka ya daɗe. Ga kaushi, ga faso, ga tabon ƙugiya. Shin waɗannan na wace dabba ne? Muna da coci, muna da makaranta, muna da mashaya biyu da ba sa ga maciji da juna. Wa ya gina su, ƙaguwa?

Baƙin da suka yarda da allonka suna zuwa su tarar da mu, sai ransu ya ɓaci, kuma ban ga laifinsu ba, an yaudare su. Wata baiwar Allah mai gilashin rana ta roƙe ni, cikin ladabi, ko zan matsar da rumfata gefe don tana ɓata mata hoto. Wannan duk mai sauƙi ne. Wanda bai ba mu dariya ba shi ne wani mai farar mota da ya zo da igiyar awo, ya kakkafa turaku a filin da muke shanya raga. Da aka tambaye shi, ya ce ai wurin ba na kowa ba ne, hukuma ma ta rubuta. Mun tuge turakun mun dafa wake da su. Ya ce zai dawo da takardu. Ina tsammanin ka san ofishin da zai same su.

Na huɗu, kibiya. Kun kafa wani ƙaramin allo mai hoton kyamara yana nuna tudu, wai wurin kallon faɗuwar rana. Hanya ɗaya ce take hawa tudun nan, ta tsakar gidan Doña Casilda ta bi. Banɗakin wankanta kuma, kamar na kowa a nan, katangar kara ce ba rufi. Daga kan tudun ana ganin teku ta yamma, ana ganin Doña Casilda ta gabas. Matar nan ta haura saba'in. Ta zo rumfata ta zauna, ta ce, "Eufrasia, maza uku na binne, babu wanda ya taɓa kallona da natsuwa irin ta mutanen nan." Mun yi dariya har da hawaye. Amma tun daga ranar, da rigarta a jiki take wanka, kamar mai wankin kanta da kaya a haɗe. Ko hukumarka za ta sa ta cikin jerin abubuwan tarihi, a riƙa ba ta ɗan alawus?

Na biyar. A nan zan roƙi ka ajiye kofin gahawa.

Wata ranar Laraba, rana tsaka, Ulpiano yana zaune a gindin kwalekwalensa yana ɗinkin raga, ina juya kifi ina jin yana waƙa. Sai waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti. Ulpiano ba ya barin waƙa a tsakiya, ko da hadari ya taso. Na waiwaya na ga allurar ta faɗi a yashi, bakinsa ya karkace, yana kallona kamar mai son tambayata wani abu ya manta da wane harshe ake yi. Na yi ihu. Yuranis ta kira asibitin birni, aka ce mota ta taso. Ta ce musu Ahogamula, kwanar tsamiya, kamar yadda kowa yake faɗa tun da aka yi kwalta.

Direban motar asibitin sabo ne, daga cikin ƙasa aka kawo shi. Ya zo kwanarmu, bai ga tsamiya ba, bai ga Ahogamula ba. Ya ga wani ƙaton allo shuɗi mai kyau yana cewa Bahía Perla, inda ba kowa. Yaron kirki ne mai girmama rubutun hukuma, sai ya wuce. Ya kai har garin gaba, inda waya ba ta kamawa, ya juyo, ya sake wuce mu. Ban riƙe shi a raina ba. Daga baya ya zo har gida da hularsa a hannu, ya tsaya a ƙofa ya kasa shigowa. Shi kaɗai ne ya zo.

Mu kuwa muna bakin teku, kan mijina a cinyata, ina yi masa fifita da murfin tukunya, ina cewa, "Ga su nan, tsoho, ga su nan, na ji jiniya." Kuma na ji ta ɗin. Sau biyu na ji ta tana wucewa can saman hanya, tana yin nisa. Daga ƙarshe Tiburcio ne ya sauke fasinjojinsa da buhunan rogonsu a tsakiyar gari, ya ce, "Ku ɗauko shi, in mun jira gwamnati sai dai mu kai shi bayan coci." Muka shimfiɗa shi a kujerar baya. Tiburcio ya yi gudun da tsohuwar motar nan ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa.

Likitar da ta karɓe mu ta duba shi, ta dube ni, ta ce irin wannan ciwo da lokaci ake tsere, akwai allurar da ake yi in an zo da wuri. Ulpiano ya rayu, mun gode wa Allah. Ɓarin jikinsa na dama ya tafi, daga kafaɗa har yatsan ƙafa. Mutumin da yake jan kwalekwale shi kaɗai ya hau yashi, yanzu ni nake juya shi a gadon lilo, ni nake ba shi romo da cokali, ni nake share abin da ya zubo. Ban ce allonka ne ya kwantar da shi ba, ranka ya daɗe. Ni wace ce da zan ɗora wa ƙarfen gwamnati laifi? Ciwo daga Allah yake. Allonka hanya kawai ya nuna, kamar yadda aka kafa shi ya yi.

Na shida, ɓatan allon. Ba da daɗewa ba bayan mun dawo daga asibiti, aka wayi gari babban allon ba ya nan, sai ramuka biyu. Mun yi juyayi matuƙa. Wasu har sun kasa cin abinci sai da aka zuba musu ƙari. Ka aiko mana da sufeto da 'yan sanda biyu, suka bi gida gida. Abin mamaki, a garin da in kaza ta yi ƙwai a wannan unguwa kafin ta gama kuka an sani a waccan, ba a sami wanda ya ga komai ba. Tiburcio ya ce shi idonsa a kan hanya yake, ba ya kallon gefe. Fada, limamin cocinmu, ya ce abin da ya ji a ɗakin ikirari tsakaninsa da Ubangiji ne. Masu wasan domino a mashaya suka ce, "Wane allo? Ai nan ba kowa, sufeto, wa zai ɗauka?"

Sufeton ya daɗe a tsaye gaban ɗakin aladun Doña Casilda yana kallon sabon rufinsu. Ta ce masa, "Ɗana, rufin nan shuɗi ne tun zamanin mijina na biyu. In kana so ka hau ka duba ta sama, bismilla, amma uwar aladun nan ta haihu jiya, ba ta son baƙi." Ya dubi uwar aladun, ita ma ta dube shi. Ya rubuta cewa bincike yana ci gaba. Ni dai ban san komai game da rufin ba. Na san kawai aladun sun yi ƙiba, sun sami inuwar da mu ba mu samu ba, kuma wannan ne karo na farko da wani mai rai a garin nan ya amfana da aikin hukumarka.

Na bakwai, sammacin. Shekaranjiya ɗan saƙo ya kawo shi a kan babur. Ya sha wuya kafin ya same mu, don a bayan ambulan ɗin takardar an rubuta Bahía Perla, allon kuma ba ya nan. Takardar ta ce bincike ya kammala. An gano wanda ya tuge allon gwamnati, ya ciccibe shi, ya gudu da shi: Ulpiano Meléndez, bisa hujjar cewa ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu zai yi hakan da hannunsa. Ana umartarsa ya bayyana da ƙafarsa a ofishinka, hawa na uku, ranar Alhamis da safe, ya yi bayani da bakinsa, in ba haka ba a ƙwace kwalekwalensa.

Na karanta masa a hankali, sau biyu. Ka san abin da ya yi? Dariya. Da rabin fuska, amma dariya ce, ta farko tun ranar Larabar nan, har gadon lilon yana girgiza. Likita ta gwada, Fada ya gwada, jikarsa ta gwada, ba wanda ya iya sai kai. Wannan kam kana bina godiya, kuma da gaske nake.

Allon nan maza huɗu ne da mota mai ƙugiya suka kafa shi, a kan idona. In har hukumarka ta tabbatar mijina ya tuge shi shi kaɗai da hannun hagu, yana kwance, to ina roƙo a ba mu shaidar a rubuce in kai wa likita, don ita har yanzu tana fama da shi ya riƙe cokali.

Kwalekwalen kuwa, surukina ne yake fita da shi yanzu, daga cikinsa ake sayen maganin Ulpiano, daga cikinsa ake sayen kifin da nake soyawa. In kun ɗauke shi kun ɗauke tukunyar gida uku. Na faɗa ne kawai don lissafinku ya cika, kada daga baya a ce ba a sani ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, mu masu biyayya ne, za mu amsa kira. Ranar Alhamis Tiburcio ba zai ɗauki fasinja ba, ya ba da motarsa. Masunta ba za su fita ba. Makaranta ta ba da hutu, mashayun nan biyu sun yi sulhu na kwana ɗaya. Doña Casilda ta wanke haƙoranta ta goge rigarta ta zuwa coci. Keken guragu da asibiti ya yi mana alkawari bai iso ba tukuna, wataƙila shi ma yana neman kwanar, don haka a baron da nake ɗauko ƙanƙara za mu turo wanda ake tuhuma. Na wanke shi, na shimfiɗa bargo, amma ƙarnin kifi ba ya jin sabulu, sai ku yi haƙuri da mu. An ce na'urar hawa benenku ta manyan ma'aikata ce kawai. Ba komai. Mazan garinmu sun saba ɗaukar kaya, za su hau da shi a kafaɗa, mataki mataki, ta gaban kowane ofis, don kowa ya ga ɓarawon da kuka kama. Ka sa a buɗe ƙofarka duka biyu, baron yana da faɗi.

Saura batun bayani da baki. A nan ne nake neman afuwa tun kafin mu zo. Ciwon ya kwashe wa Ulpiano magana. Waƙoƙinsa sun tafi, sunayen kifaye sun tafi, sunana ma da ya shekara arba'in yana kira ya tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa, likita ta ce haka ciwon yake yi wa wasu. Kalma ce ta masunta, irin wadda ake faɗa in raga ta tsinke da kifi a ciki, kuma ta shafi mahaifiyar wanda ake gaya wa. Tarbiyyata ba za ta bar ni in rubuta ta a takardar da za a manna a ƙofar coci ba. Da ita yake gaishe ni da safe, da ita yake neman ruwa, da ita ya amsa wa Fada addu'a. Amma tun da na karanta masa sammacinka na lura yana maimaita ta shi kaɗai, yana gyara ta, tana fita tas, da tsohuwar muryar nan tasa da kaji suke gudu.

Ka nemi bayaninsa, ranka ya daɗe. Ya shirya. Ka ce wa sakatarenka ya zo da alƙalami.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara fenti, ya sa duk inda ka nufa a gane hanyar gidanka.

Taka mai biyayya har ƙasa,

Eufrasia Meléndez,
Mai soya kifi,
Ahogamula.